Ranar da iska ta juya mana a gindin aduwa

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ina zaune a ƙofar gida nan Ƙofar Ƙaura sai ɗan ƙanena ya zo ya tsuguna kusa da ni da waya a hannu. Ya ce, "Baba, duba wannan. Kai da ka san daji, wai da gaske ne?" Na karɓa na duba. Wani Bature ne ɗan Amurka, sanye da kaya masu launin ganye, yana fesa wa jikinshi wani ruwa daga kwalbar roba, tun daga hula har takalmi. Yana cewa ruwan yana kashe warin mutum, barewa ba za ta ji shi ba ko da ta zo gab da shi. Daga nan ya hau wata kujera da ya ɗaure can saman itace, ya zauna jira.

Sau biyu na kalla. Abin da ya riƙe ni wani ɗan abu ne da mutumin ya yi bayan ya zauna, wanda yaron bai ma lura da shi ba. Ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihu, ya matsa ta, farin gari ya tashi, ya bi garin da ido har ya ga inda ya nufa. Sai na ji wani abu ya tokare mani maƙoshi, don abin da Kawu yake yi ke nan da toka, kusan shekara arba'in da suka wuce, a bakin dajin Rugu.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, a wani ƙauye da ake ratsewa daga hanyar Batsari. Maharbi ne. Mutanen birni sukan haɗa maharbi da mafarauci su yi masu kuɗin goro, alhali sana'ar ta sha bamban. Farautar gayya da ake fita da rani, da ganguna da karnuka da gorori da kirari, ita ba ruwanta da ɓoye wari. So ma ake naman daji ya ji ku, ya firgita, ya fito daga maɓoya karnuka su bi. Maharbi kuwa shi kaɗai yake tafiya, ko da yaro guda mai riƙe mashi gora. Jarinshi sanɗa da haƙuri. Bindigar Kawu adaka ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, harbi ɗaya gare ta. In ka kuskure, kafin ka sake ɗurawa dabba ta kai wani gari. Saboda haka dole ka matsa kusa, kusa ƙwarai, kuma duk wanda zai matsa kusa da gada sai ya fara shiryawa da hancinta.

Fitata ta farko da shi a 1987 ne, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Katsina, ina ɗan shekara 13. Kaka ta yi, an yanke gero, wake yana gona. Don murna tun da dare na yi wanka da sabulun kanti, na shafa mai, na ɗauko rigar da na yi salla da ita, wadda har lokacin turaren da aka fesa mata bai gama fita ba. Da asuba na same shi a zaure. Bai ce mani komai ba, sai ya jawo ni ya sunkuya ya shinshina wuyana, ya shinshina hannun rigar. Ya ce, "Ɗan nan, biki za mu ko daji?" Ya sa na koma na sake wanka da sabulun salo, ya ba ni wata tsohuwar 'yar shara da ta kwana rataye a jikin rumbu. Kayan dajinshi ba su taɓa kwana cikin ɗaki ba. Ya ce ɗaki yana da warin miya da daddawa da kananzir da turaren wuta, kuma tufa tana shan duk wannan kamar yadda tuwo ke shan miya. A waje suke kwana, lokaci-lokaci ya turara su da hayaƙin itacen daji. Da muka fita gari kuma sai ya tsaya inda shanun Fulani suka kwana, ya taka ɗanyen kashin shanu da gangan, ya ce in taka. Ya tsinko ganyen sabara ya murtsuke, muka goga a hannu da ƙafa.

A raina na ce shi ke nan, yanzu ba dabbar da za ta ji mu.

Akwai wata aduwa a gefen wata ƙorama da ta fara ƙafewa. Kawu ya yi kwanaki yana ganin sawun gada a gindinta, tana zuwa cin 'ya'yan da suka zubo. Kafin mu zauna ya ciro wani ɗan ƙullin tsumma daga aljihu, ya kaɗa shi da yatsa. Toka ta fito siririya, ta bi iska ta nufi bayanmu. Ya gyaɗa kai. Muka shige cikin wata geza, aduwar tana gabanmu kamar taku talatin, iska tana dukan fuskarmu.

Gari ya fara wayewa sosai sai ga ta. Ban ga fitowarta ba, sai dai na ga ta bayyana, 'yar ƙarama, ba ta kai akuya ba, kunnuwa suna ta juyawa kowanne da inda ya nufa. Taku biyu ta tsaya, taku uku ta tsaya. Tana lasar hancinta. Ta sunkuya ta ɗauki aduwa ɗaya. Na ga Kawu ya fara ɗaga bindiga a hankali, a hankali, kamar ba ya so. A daidai nan ne na ji wani ɗan sanyi ya shafi ƙeyata. Ɗan kaɗan ne, bai ko kaɗa ganye ba. Ban ƙirga biyar ba gada ta ɗaga kai. Ba ta dubi inda muke ba. Hancinta ta miƙa sama, jikinta ya sandare, ta yi wani gajeren huci mai kama da atishawa, sai ta yi nutso cikin sarƙaƙiya. Ko reshe bai motsa ba a bayanta.

Na ce, "Kawu, wallahi ban motsa ba."

Ya ce, "Na sani. Ba ganinka ta yi ba. Ka ji sanyi a ƙeya?" Na ce na ji. Ya ce, "To, duk ran da ka ji iska a ƙeyarka, tashi ka kaɗe wandonka. An riga an kai labarinka."

Na tambaye shi, to ina amfanin sabulun salo da kashin shanu da sabara? Ya ce amfaninsu su rage. Mai wari da yawa ana jin shi daga nesa, mai kaɗan sai an matso. Amma mutum yana numfashi, yana zufa, kuma muddin yana da rai ba zai daina ba. Sannan ya kawo karin maganar da tun ranar ban sake jin ta kamar da ba: gwano ba ya jin warin jikinsa.

Na daɗe ina juya wannan magana. Dubi yawan kalmomin da muke da su na abin da hanci ke ji. Ƙamshi daban, wari daban. Ƙauri na abin da ya ƙone, ƙarni na kifi da jini da ɗanyen nama, zarni na fitsari, hamami, tsami, ɗoyi. Bahaushe bai yi sakaci da hancinshi ba. Amma duk cikinsu babu kalmar da muka ajiye wa warin lafiyayyen mutum mai tsabta wanda ya fito daga wanka yanzu, don mu a wajenmu ba shi da wari. A wajen gada kuwa yana da shi, kuma shi ne mafi muni a dajin. Fatar mutum kullum tana zubar da ɓurɓushin da ido ba ya gani, ƙananan halittun da ke zaune a fata suna cin zufa da maiƙo suna fitar da nasu warin, numfashi yana fita da nashi. Duk wannan yana bin iska kamar yadda hayaƙi yake bi, ya faɗaɗa yana tafiya. Wani kuma yana zama a ciyawar da ka shafa da reshen da ka kama.

Abin da na fi so in faɗa wa yaron nan, wanda kuma masu tallar kwalba ba su cika faɗa ba, shi ne dabba ba kowane wari take gudu ba, kuma ko warin mutum ba ko'ina take gudunshi ba. Gadar da ke kusa da ƙauye kullum cikin warin mutane take. Manomi ya wuni a gona, mata sun bi hanya sun yi itace, makiyayi ya wuce da garke. Da za ta gudu duk lokacin da ta ji mutum, da yunwa ta kashe ta. Na sha ganin sawunta da safe a kan sawun da muka bari jiya da yamma a gonar wake, ta taka inda muka taka. Ta san wannan warin na jiya ne, kuma ta san nan wurin mutane ne. Amma ka kai wannan warin cikin sarƙaƙiyar da take kwanciya da rana, inda ba ta saba jin kowa ba, sai ka nemi sawunta a wurin ka rasa har kwanaki. Abin da take aunawa uku ne a fahimtar Kawu: na wane ne, na yaushe ne, kuma a ina. Shi ya sa ba ya taɓa bin hanyar da dabba ke bi. Gefe yake ratsawa, kuma ba ya kama reshe da hannu, da bakin bindiga yake kaucar da shi.

Baƙon wari kuwa, wanda ba na mutum ba kuma ba na daji ba, lamarinshi daban ne, kuma na ga wannan da idona. Akwai shekarar da gada ta addabi waken Kawu na can gefen daji. Ya jiƙa tsumma da kananzir ya rataya a kan kara. Muka ɓuya nesa da yamma muna kallo. Da ta zo ta ji, ba ta yi wannan nutso na ranar aduwa ba. Tsayawa ta yi ta miƙa wuya, ta ja da baya, ta buga ƙafa, sannan ta kewaya ta koma inda iska ke kai mata warin sosai, ta daɗe tana shaƙa. A ƙarshe ta juya ta tafi da tafiya, ba da gudu ba. Kwana uku ba ta shiga gonar ba. Kafin mako ya cika, sai ga sawunta a gindin karan da tsumman yake. Ta gwada, ta ga abin ba ya cizo. Da ya rataya rigar da ya wuni yana noma da ita, ta fi daɗewa tana tsoro, amma ita ma da rana da raɓa suka cinye warin, sai ta dawo. Daga baya na ji cewa masu lambu a Amurka su ma suna rataya sabulu mai ƙamshi ko gashin mutum daga wajen aski don korar barewarsu, kuma ƙarshen abin ɗaya ne, takan saba.

Sai dai ga maharbi, wannan tsayawa da kewayawa ma asara ce. Dabbar da ta ji sigari ko fetur ko man bindiga ba lallai ta gudu ba, amma ta daina kiwo, ta tara hankalinta wuri guda, kuma za ta kewaya ta bi iska don ta gane mene ne. In ta kewaya, kai za ta tarar. Kawu yana cin goro, amma ranar fita ba ya sa shi a baki sai an dawo, kuma bai taɓa yarda mai shan taba ya bi shi ba.

Ranar da ya samu wata gada, bayan ya yanka, ya kira ni ya nuna mani wata tsaga a ƙarƙashin kowane ido, baƙa, mai fitar da wani abu mai danƙo. Ya ce da wannan take shafa wa tsinken reshe don 'yan'uwanta su san nan wurin wani ne. Ya buɗa kofaton ya nuna mani wani ɗan rami a tsakani, shi ma mai wari. Ashe duk inda ta taka tana barin saƙo. Dabbar da da hanci take sanin maƙwabcinta, da hanci take neman miji, da hanci take gane ɗanta, yaya za a yi mutum ya ratsa gidanta ba ta sani ba?

Ta Amurkan da yaron ya nuna mani, mai farin ƙarƙashin wutsiya, barewa muke ce mata don ba mu da wani suna, amma ba dangin tamu ba ce ta kusa. Namijinta ƙahonshi rassa gare shi, kuma duk shekara yana zubar da shi wani ya fito. Barewarmu da gada da gwanki dangin akuya da saniya ne, ƙahonsu na har abada ne. A duk Afirka babu irin waccan ta asali sai a tsaunukan arewa, wajen Tunisiya da Aljeriya. Amma wajen hanci halinsu ɗaya. Ita ma tana da ramin wari tsakanin kofato, tana da wani a cikin gwiwar ƙafar baya wanda take yi wa fitsari don warin ya ƙara ƙarfi. In ta ji mutum takan buga ƙafa, ta yi huci mai ƙarfi, ta ɗaga wutsiya farin ya bayyana, sauran su gani su bi ta. Lokacin barbararsu, wajen watan Nuwamba, namiji yakan tone ƙasa ya yi fitsari a wurin, in ya shinshina fitsarin mace kuma ya ɗage leɓe sama, daidai yadda bunsuru yake yi a gidajenmu. Maharbansu har fitsarin macen suke saye a kwalba don jawo namiji, ko da yake wasu jihohinsu sun hana, saboda tsoron yaɗa wata cutar ƙwaƙwalwa da ke kashe dabbobin. Suna da sabulu marar ƙamshi, da takalman roba, da tufafin da aka saka wa gawayi a ciki don ya tsotse wari. Ban raina ko ɗaya ba. Sabulun salo ne da kashin shanu a wata siffa. Suna ragewa. Amma mutumin da ya kashe kuɗi ya sayi duk wannan, da ya hau itace sai da ya ciro garinshi ya tambayi iska.

Iskar ma sai an san halinta. Kawu ya fi son hunturu duk da sanyi da ƙura, don iskarshi daga arewa maso gabas take zuwa, ta wuni ba ta sauya ba, kuma bushewar tana sa wari ya yi saurin mutuwa a ƙasa. Safiya mai raɓa da bayan ruwan sama kuwa, laima tana riƙe wari, sawunka ya daɗe yana magana. Wadda ya fi ƙi ita ce ta bazara, mai guguwa, wadda za ta bugi fuskarka yanzu, anjima ta bugi kunnenka. Kuma kusa da dutse ko ƙorama akwai wata 'yar iska da ba ruwanta da babbar: da dare da sassafe sanyi yana gangarowa ya bi kwari kamar ruwa, in rana ta fara dumama ƙasa sai ta juya ta fara hawa. Ina kyautata zaton ita ce ta tona mu a gindin aduwa, don daidai fitowar rana abin ya faru.

Kawu yana da layu da guru kamar kowane maharbi na zamaninshi, kuma ba ya ɗaga bindiga sai da bisimilla. Amma ban taɓa ganin ya dogara da laya ya shiga wa dabba iska tana bayanshi ba.

Barewa sau ɗaya na gan ta a daji, bayan shekara biyu da waccan fita. Su uku ne, a wani fako mai ƙayoyi, ja-ja da su, da baƙin layi a haƙarƙari. Ko a lokacin Kawu ya ce rabon da ya ga uku tare tun kafin farin 1984. Fili ne, ba wurin ɓuya, sai ya ciro burtu daga jaka, wato kan tsuntsun nan da ake haɗawa da itace da fata, ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa baƙin zane, ya durƙusa. Ya bar ni a gindin wani kalgo. Daga inda muke zuwa inda suke bai fi tafiyar minti biyar ba, amma toka ta nuna iska tana ratsawa ta gefe, sai ya ɗauki fiye da awa guda yana kewaye, yana rarrafe, yana kaɗa kai kamar burtu mai kiwon fara. Sau da yawa suna ɗagowa su dube shi, su ci gaba da kiwo. Ido ya yarda tsuntsu ne. Ya kusa isa inda yake so sai wata guguwa ƙarama ta taso, ta ɗebi ƙura da busasshen ganye, ta ratsa ta kanshi ta nufe su. Babbar ta yi huci. Sai ga su a sama, ƙafafu huɗu a miƙe, suna tsalle kamar ƙasa tana ƙona su. Ya zauna a wurin ya kwance burtun, ya bi su da kallo har ƙurarsu ta kwanta. Da ya dawo bai yi tsaki ba. Cewa ya yi, "Ka gan su dai ko? To ka riƙe."

A 2023 an fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a yankin gandun dajin Kuruga na Afirka ta Kudu. An ɓoye lasifika a bakin mashayar dabbobi, wani lokaci a sa gurnanin zaki, wani lokaci muryar mutane suna hira a natse. Dabbobin sun fi yawan tserewa, kusan ninki biyu, in suka ji muryar mutum. Wannan ta kunne ne, amma tsoron guda ne, kuma ban yi mamaki ba, don na ga yadda jikin gada ya sandare kan ɗan sanyin da ya shafi ƙeyata.

Hancin dai bai cece su ba. Barewar Amurka, wajen shekarar 1900 ba ta wuce rabin miliyan ba saboda yawan harbi, yau ana maganar wajen miliyan 30, bayan sun tsayar da lokacin farauta da adadin da mutum zai kashe, kuma tun 1937 suke cire haraji daga cinikin bindiga da harsashi suna kula da namun daji da shi. Tamu mai jan goshi tana cikin jerin dabbobin da IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta ce suna fuskantar barazanar ƙarewa. Gonaki sun ci daji, gatari ya ci itace, aka zo da fitilar goshi ana harbin dare ba a barin mai ciki. Rugu kuma kowa ya san halin da ake ciki, dajin da muke shiga da gorar ruwa da ƙullin toka ya zama maɓoyar 'yan bindiga, mutanenmu da yawa sun baro ƙauyukansu. Kawu ya rasu, Allah ya jiƙanshi. Burtun yana wajen babban ɗanshi, rataye a ƙusa.

Yaron ya saurare ni har aka kusa kiran magariba. Shekararshi 17, bai taɓa ganin gada da rai ba. Ya ce, "Baba, to ni yanzu ta ina iskar take?" Na ce ya je wajen mai shayin bakin layi ya roƙo mani toka kaɗan. Ya kawo a takarda, na yage gefen wani tsohon ƙyalle na ƙulla mashi. Ya miƙe tsaye a tsakiyar layi ya kaɗa da yatsa. Tokar ta fito siririya, ta ɗan tsaya, sannan ta bi ta kafaɗarshi ta nufi wajen masallaci. Ya juya ya fuskanci inda ta fito, ya sake kaɗawa.